Dashe a Tsakiyar Rani

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar da yake gaisarwa ba. Ki gaida Inna, ki gaida maigidanki da yara. Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da gida. Jiya na ƙirga, ina goge tagogin aji shida.

Kada ki yi mamakin ganin takardata cikin ambulan mai hatimin makaranta. Maganar ba ta waya ba ce, inda Inna ke karɓe wayar tun ba mu gama gaisawa ba, ta hau tambayata ko ina cin abinci.

Ke kin san aikina a nan, ko da yake a gida har yau cewa ake yi Malam yana koyarwa a waje, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ni ke buɗe ƙofa, ni ke rufewa. Ni ke share baranda, in canza ƙwan lantarki, in kwashe amai idan yaro ya yi. Takardar shaidar malantata tana ƙasan akwati. Sau biyu aka duba ta, aka ce mai kyau ce, amma ba ta nan ba ce.

Akwai malamar aji shida, yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Yara suna kiranta Malamar Duniya, saboda ƙwallon taswira da take rungume da shi duk inda za ta. Bana an ba ta sabon darasi: a koya wa yara cewa mutanen duniya duka 'yan gari ɗaya ne, iska ɗaya muke shaƙa, wanda ya ɓarnatar da ruwa a nan ya cuci wani a can. Ban ƙi darasin ba, gaskiya ne. Na dai lura ana koyar da shi a ɗaki mai fitila goma sha biyu da rana tsaka, kuma ni ke bi ina kashewa.

Makon jiya ta same ni tsaye gaban allo da tsintsiya. Ta zana yadda ruwa ke tashi sama ya dawo ƙasa, ta juya kibiya ɗaya baibai, na gyara. Ta tambaye ni a ina na sani. Na ce shekara tara na yi ina koyar da wannan. Kashegari ta tsayar da ni gaban yara ashirin da takwas. Auta, na yi rubutu a allo. Ba alli ba ne, wani alƙalami ne mai wari, amma hannuna bai manta ba.

Ga abin da ya biyo baya. Tana so a haɗa ajinta da naki. Yara su riƙa rubuta wa juna wasiƙa, kuma kowane yaro na nan a dasa masa bishiya biyar a filin makarantarku da sunansa, ɗari da arba'in ke nan. Sun riga sun yi magana da wani mai renon dashe kusa da ku. So ake a dasa cikin mako uku, don hotuna su iso kafin ƙarshen zango, ranar da iyaye da masu duba makarantu za su zo ganin aikin yara.

Ta tambaye ni batun ruwa, don ta karanta cewa yanzu rani ne a wurinmu. Na ce ta kwantar da hankali, akwai rijiya a bayan aji uku wadda Baba da mutanen unguwa suka haƙa, ni ina ɗan shekara goma sha biyar ina jan ƙasa da guga, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba ko a shekarar da shanu suka mutu. Ta rubuta haka a takardar neman izini.

Ki taimake ni ki karɓa. Na daɗe ban roƙe ki komai ba.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan wannan ta same ka lafiya, kai da alƙalaminka mai wari. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kana cin abinci.

Ka ce in taimake ka in karɓa, amma ba a jira ni ba. Ambulan ɗin hannun Hedimasta ya fara faɗawa. Da ya ga hatimi ya sa aka kaɗa ƙararrawa ba lokacinta ba, ya karanta wa malamai a tsaye, ya ba da amsa ranar. Na ce masa, ranka ya daɗe, ba a dashe da rani, a bari ruwa ya sauka, wata huɗu ne kawai. Ya ce mutanen da suka tuna da mu daga wata duniya ba za mu ce su jira hadari ba.

Mai dashen ya kawo su a motar ɗaukar kaya, mangwaro da darbejiya, kowanne cikin baƙar leda. Da ya sauke, ya tsaya yana kallon filin, ya taka ƙasar da dugadugi, sannan ya tambaye ni ko wanda ya yi odar nan ya taɓa ganin ƙasa da idonsa. Ban ce masa yayana ne ba.

Mun dasa. Kwana biyu yarana arba'in da shida suna haƙa, har da diga muka aro. Kowace bishiya an rataya mata ɗan gwangwani da sunan mai ita. Sunayen sun gagari bakin yara, sai suka raɗa musu nasu: akwai Mai Tabarau, akwai Giɓi, akwai Ba Ya Dariya, duk daga hotunan da kuka aiko.

Wasiƙun yarana suna cikin wannan ambulan. Ka duba ta 'yar mai facin taya, shafi biyu ce, babu gogewa ko ɗaya. Ita ce ta ɗaya a ajina. Da ƙyar na shawo kan ubanta bara ya bar ta ta ci gaba, don ita ke kula da ƙannenta. Ta tambayi ƙawarta ta can ko su ma rana ɗaya suke gani da mu, ko tasu daban ce.

Batun ruwa, muna yin yadda za mu iya.

Na ji daɗi da ka tsaya gaban allo, Yaya. Wannan da gaske nake.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa gare ki da duk wanda ya tambaye ni, in akwai sauran masu tambaya.

Hotuna sun iso. An manna su a bangon baranda daga ƙofar ofis har bakin matakala, wasiƙun yaranki a ƙarƙashi, an zagaye su da ganyen takarda kore. Ni na riƙe tsani. Yanzu duk Laraba ina da minti ashirin a aji shida. Iyayen da suka shekara shida suna wuce ni kamar ginshiƙi sun fara ɗaga mini hannu. Wata uwa ta tsayar da ni ta ce ashe ina jin magana sosai. Na yi mata godiya. Me zan ce?

Yaran nan ba su da laifi, kuma ba wasa suka ɗauki abin ba. Wanda kuke kira Mai Tabarau ya hana gidansu wanka fiye da minti huɗu, ubansa ya zo yana ƙorafi yana dariya. Wata ta yi kuka don an bar famfon banɗaki yana ɗiga. A daidai lokacin, na'urar ban-ruwa tana juyi a filin ƙwallo, tana jiƙa ciyawar da ba mai ci. Na nuna wa Malama ta taga. Ta yi ja, ta ce ta rubuta wa ofis sau biyu a kan haka. Na yarda ta rubuta.

Ƙawar 'yar mai faci ta ba ta amsa, rana ɗaya ce, sai dai ta wurinku ta fi zafin rai. Kowane yaro tambayarsa guda: yaya bishiyata? Ganye nawa ta yi? Ki sa yaranki su amsa dalla-dalla, don ana rubutawa a wani babban jadawali.

Mai dashenku ya iya baƙar magana. Ki ce masa wanda ya yi odar ya san ƙasar tun shi bai san leda ba. Dashen rani ba ya gagara in akwai rijiya a kusa, safe da yamma, rabin bokiti kowace.

Abu ɗaya ya tsaya mini. A hoto na huɗu na ga jarkoki jere a jikin bangon aji uku, sun fi talatin, kowace da igiya ko tsumma a hannunta, irin na gidaje daban-daban. Me ake yi da jarka, rijiya tana taku ashirin? In gugan ne ya lalace ki faɗa mini. Kuma ki ɗauko mini hoton rijiyar, Malama tana so ta sa a tsakiyar bango. Ni ma ina so in gani.

Ki gaida Inna. Ina ci.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sau uku ina farawa ina yagewa.

Babu rijiya. Shekara bakwai ke nan da ta ƙafe. Ta fara da ja da baya, aka yi mata yasa sau biyu, aka ƙara zurfi, daga baya sai laka, daga laka sai ƙura. Da akuya ta faɗa, Hedimasta na wancan lokaci ya sa aka cike ta da ɓaraguzai. Yanzu a kanta ake tara kujerun da suka karye.

Inna ce ta hana a gaya maka. Ta ce duk wayar da za ka yi sai ka ce in ka dawo za ka fara wanke fuska a rijiyar Baba kafin ka shigo gida, to a bar maka ita. Ni ma na bi, don ban ga wanda abin zai cutar ba. Da wasiƙarka ta farko ta zo, ya kamata in faɗa. Na karanta inda ka ce hannunka bai manta ba, sai na kasa. Wannan laifina ne, ba na Inna ba.

Ga yadda muke yi. Famfon tuƙa-tuƙa mafi kusa yana bayan kasuwa, tafiyar rabin awa, kuma layi ne tun asuba. Hedimasta ya ce kowane yaro ya zo da jarka ɗaya kullum, ya kira shi darasin aiki. Wanda ya bi layi ba ya isowa sai an gama lissafi. Wanda ya ƙi bin layi, daga randar gidansu yake ɗiba. Na kama yara uku ba sa shan ruwan da suka zo da shi a gora, suna zuba wa bishiya, saboda an rubuto musu daga can an ce, yaya bishiyata. Ɗaya ta faɗi a filin taro ranar Litinin.

Ranar Talata mai faci ya zo har ƙofar aji, hannunsa duk baƙin mai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shekara guda ina gaya masa 'yarsa za ta zama wani abu, ya yarda, ya ɗauki wahalar ƙannenta. Ya ce, "Malama, in ɗiban ruwa ne, akwai shi a gida. Can ma ƙannenta ne za su sha." Ya kama hannunta suka tafi. Bai yi ƙarya ba.

Daga ranar zuwa yau yara goma sha ɗaya sun daina zuwa, tara mata. Ka san yadda abin yake a nan: yarinyar da ta yi wata guda a gida, an riga an saba da hannunta. Shekara huɗu na yi ina bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya kafin ajin ya cika.

Bishiya sittin da biyu sun bushe duk da haka. Hedimasta ya ce a ɗauki hoto ta gefen da ke da rai.

Ba na jin haushinka. Ina dai so ka san abin da hotunan bangonku suke ci.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa. Na karanta takardarki a ɗakin ajiye tsintsiya, a zaune kan bokiti, har aka kaɗa ƙararrawar tashi ban buɗe ƙofar waje ba, sai da iyaye suka yi ta bugu.

Ba laifinki ba ne, ba na Inna ba. An tambaye ni batun ruwa, tambaya a fili, daga bakin wadda ta yi karatunta ta san rani ne. Da na ce ban sani ba, na daɗe rabona da gida, bari in tambaya. Kalma nawa ce? Amma yara ashirin da takwas suna kallona a matsayin wanda ya san wani abu, sai na ba da shaida a kan garin da babu shi yanzu sai a kaina. Na ɗauka ni kaɗai ne shekarun nan suka ci.

Kwana biyu ina kai-kawo. Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin yin shiru har a wuce ranar taro, saura kwana goma sha biyu. Ranar Laraba na sami Malama tana yanka ganyen takarda, na karanta mata wasiƙarki duka, har wurin mai faci. Ta ajiye almakashi. Sannan ta ce, "Na tambaye ka fa." Na ce haka ne, ta tambaya.

Shugaban makaranta ya ce abin baƙin ciki ne ƙwarai, amma a bar bango yadda yake har masu dubawa su zo su tafi, kada a karya wa yara zuciya. Ita ta ƙi. Ta shiga aji ta gaya musu da bakinta, ta ce darasin bana ke nan: mun so mu taimaka, ba mu tambayi waɗanda ke wurin ba, mun tambayi wanda ke kusa da mu. Ba ta ambaci sunana ba. Yara ba wawaye ba ne, duk suka juyo suna kallona. Mai Tabarau ya tambaya ko zai iya aika ruwan wankan da ya rage a gidansu. Ba wanda ya yi dariya.

An yi taron. Bango yana nan yadda yake, ta dai ƙara takarda ɗaya a ƙarshe mai bayanin abin da ya faru, daidai inda ake ajiye rigunan sanyi, rabi a rufe. An tafa. An ba makaranta takardar yabo a kan kula da muhalli, ni na buga ƙusar da aka rataye ta. An ce baɗi darasin a kan teku zai kasance, da wata makaranta a wani tsibiri. Minti ashirin ɗina na Laraba an mayar da su na waƙa. Ban yi gardama ba, da ni ne su haka zan yi.

Yanzu ki saurare ni. Ki daina ba bishiyoyin ruwa. Duka. Ga takardar Malama a haɗe, da hatimi, tunda hatimi Hedimasta yake ji. Ta rubuta cewa su suka janye, kada a ƙara ɗora wa yaro jarka. Ki bar su su bushe, ki je ki dawo da yaranki.

Kada ki gaya wa Inna na sani. A bar mata ita ma.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Takardar ta yi aiki. Hedimasta ya karanta hatimin sau biyu, ya ce da ma shi tun farko yana da shakka.

An daina. Amma sai da na yi tsaye da sanda a bakin fili mako guda, don wasu suna zagayowa ta bayan katanga da ruwa a gora. Ɗaya ya ce mini ya yi wa Giɓi alkawari. Hadari ya fara haɗuwa jiya, bai zubo ba. Bishiya tara ce ke da sauran kore, duk darbejiya.

Kafin takardar ta iso wasu shida sun ƙara tafiya. Goma sha bakwai ke nan. Na fara bin gidaje. Ana ba ni tabarma, ana ba ni ruwa, ana ce mini sai an yi shawara. Wata uwa ta tambaye ni me 'yarta ta koya bana ban da hanyar famfo. Ba abin da zan nuna mata, don littattafansu na zangon nan kusan fari ne.

Abu mafi kyau da suka rubuta a shekarar nan yana bangonku. Ka aiko mini da wasiƙunsu, na asali, da rubutun hannunsu. Ina so in ajiye wa kowane uba takardar 'yarsa a gabansa, in ce wannan ta tsallaka teku, an karanta ta a wata ƙasa. Ban ce zai yi aiki ba. Shi ne abin da ya rage mini. Musamman ta 'yar mai faci. Na gan ta shekaranjiya a layin famfo da goyo, ta juya fuska kamar ba ta gan ni ba.

Ka hanzarta, kafin a shiga aikin gona.

Ƙanwarka Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Takardarki ta zo ranar Litinin. An sauke bangon ranar Asabar, ba na nan, masu fenti aka kawo don hutu. Sun zuba komai a babban kwandon takardun da ake kai wa a sake sarrafawa, kamar yadda aka koya wa kowa a makarantar nan, suka wanke burushinsu a kai.

Na kira Malama, ta zo da kayan gida, muka juye kwandon a bayan kicin. Awa uku muna ɓamɓare takarda daga takarda. Ta ce in ba ki haƙuri. Na ce zan faɗa.

Na shanya su a ɗakina, na goge da dutsen guga. Suna cikin wannan ambulan.

Cikin arba'in da shida, ashirin da tara ake iya karantawa. Cikin goma sha bakwai da kike nema, shida. Ta 'yar mai faci, shafi na biyu kawai, babu suna a jiki, amma ubanta zai gane hannun in ya yarda ya duba.

Abin da na iya tsarewa ke nan.

Yayanki